Okid ɗin daji: a tono shi ko a shuka irinsa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga tsirran okid, irin masu fitowa a ƙasa, suna fure a wani dausayi, gwanin sha'awa. Na ɗebi irinsu na shuka a tukunya, ko ɗaya bai fito ba. Akwai dabarar da ake bi ne? In kuma babu, laifi ne in tono ɗaya ko biyu in dasa a lambuna?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Matsalar ba daga hannunka take ba, halin irin ne. A yawancin tsirrai uwa kan ɗaura wa kowace ƙwaya guzurin da za ta ci har ta fitar da ganye, amma ƙwayar okid ba ta da shi. Mitsitsiya ce ƙwarai, kwanso ɗaya kan ɗauki dubbai, a wasu nau'o'in har miliyoyi. Idan ta faɗi ƙasa ba ta tsirowa sai wata funfuna da ke zaune a ƙasar ta kutsa cikinta da zaruruwanta, ita kuma ƙwayar ta riƙa narkar da su tana samun abinci. Da haka take kumbura ta zama ɗan ƙullutu, wanda a wasu nau'o'in kan shekara ko fiye a binne kafin ya fitar da ganye. Masanin tsirrai ɗan Faransa, Noël Bernard, shi ya gano wannan a 1899. Kuma wasu okid ba sa karɓar kowace funfuna sai tasu. Ita ce babu a ƙasar tukunyarka.

Dabara akwai, sai dai tana son haƙuri. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa za a iya tsirar da irin ba tare da funfunar ba: a shuka shi cikin kwalba, a kan daskararren aga (wani abu mai kama da jeli da ake samu daga ciyawar teku) da aka haɗa da sukari da ma'adinai. Wahalar ita ce sukarin da ke ciyar da irin shi ke janyo ƙwayoyin cuta, su mamaye kwalbar cikin 'yan kwanaki. Don haka dole a dafa kwalba da abin cikinta a tukunyar matsin tururi, a wanke irin da tsarmammen bilic, a rufe ruf. Okid na ƙasa sun fi masu hawa bishiya taurin kai, domin ɓawon irinsu kan hana ruwa shiga idan ya bushe. Shi ya sa gwanaye kan yanki kwanso tun yana kore. Na ƙasashen sanyi kuma sai tsironsu ya yi kamar wata 3 a firji kafin ya yarda ya yi ganye. Masu sauƙi kan yi fure a shekara ta 3 ko ta 4, wasu sai sun haura 5. In wannan ya yi maka yawa, barbaɗa nunannen iri a gindin uwarsa, inda aka fi sa ran samun funfunar.

Batun tono kuwa, ban ba ka shawarar haka ba. Wanda aka tono kan yi fure a shekarar farko da abincin da ya tara a saiwarsa, mai shi ya ɗauka ya kama, daga nan ya riƙa ramewa har ya mutu. Kuma kowa “ɗaya ko biyu” yake cewa. Haka masu tara furanni suka yi wa wani okid mai suna Cypripedium calceolus a Ingila, har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1930 aka ga tushe ɗaya tal a Yokshaya. Masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan ne suka rena shi daga iri aka mayar da shi daji. A Turkiyya da Iran ana haƙe saiwoyin don garin salep da ake yin abin sha da shi, a Tanzaniya da Zambiya don wani abinci mai suna chikanda, kuma kare waɗannan furanni na cikin dalilan kafa gandun dajin Kitulo a Tanzaniya a 2005.

Ga kuma doka. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke kula da cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, ta shafi dukkan dangin okid, ba a ƙetare iyaka da tushensu sai da takardar izini. A cikin ƙasa kuma, tambayi hukumar kula da daji da mai filin tukuna.

Ɗibar iri ta fi sauƙin laifi, in da izini: kwanso ɗaya daga inda suke da yawa, kada ka taɓa inda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Inda nake ganin tono ya halatta shi ne filin da za a baje don gini ko hanya, shi ma tare da hukuma, a ɗauko da babban curin ƙasarsa. In za ka saya, tambayi mai sayarwa ko daga iri ya rena su. Kakkaryayyun saiwoyi da ganyen da ƙwari suka ci kan tona asirin na daji. Idan kuma ka ɗauki hoton dausayin nan ka sa a intanet, kada ka faɗi wurin, ka kuma goge bayanin wuri da waya kan liƙa wa hoto.