Kafin ka ce bututun ya mutu

Ɗana, ka tambaye ni kan bindigar iskan nan mai karyawa da aka kawo gyara daga Argungu, wadda ka sa wa sabon sifirin da sabuwar robar fistin. Ka ce ka danne ta tamau a kan katakon benci, ka harba 5 daga mita 25, kowane harsashi ya kama gabansa, ramukan sun bazu kamar faɗin tafin hannu. Kana so ka san ko bututun ne ya ci, kuma me ya kamata a sa rai daga bindiga mai lafiya.

Kada ka yi gaggawar ɗora wa bututu laifi. Gwajin naka ne da gyara, kuma babban kuskuren shi ne dannewar da ka yi mata. Bindiga mai sifirin ba ta zama shiru a lokacin harbi. Kana taɓa kunama fistin ya ruga gaba, ita ta ja baya, fistin ya daki ƙarshen hanyarsa ta koma gaba, jikinta duka yana rawa, kuma mafi yawan wannan motsi yana faruwa harsashi bai riga ya bar bututu ba. In ka ɗora ta a kan katako ko ƙarfe, tsalle take yi, kuma tsallen wannan harbi ba irin na wancan ba ne. Ba hana ta motsi ake nema ba, so ake ta yi motsi iri ɗaya kowane lokaci.

Ka ɗinka ƙaramin buhu, ka cika shi da busasshen yashi wanda aka tankaɗe, amma kada ya yi tauri kamar dutse; in ka danna da yatsa ya ɗan lotsa. Ka ɗora bayan hannunka na hagu a kan buhun, tafin a buɗe, ƙotar gaba ta kwanta a ciki ba tare da ka damƙe ta ba. Bututu kansa kada ya taɓa komai. Ka manna ɗan salatif a daidai wurin da ƙota ke zama a hannu, don in ta gusa ko da yatsa 2 ne, wurin faɗuwar harsashi zai sauya. Kafaɗa ta jingina kawai, kunci ya kwanta wuri ɗaya. Kunama da tsokar kan yatsa ake matsa ta, kai tsaye zuwa baya, ba fizga. Bayan ta tashi kada ka ɗaga kai sai ka ƙirga 2. Bencin ma ka girgiza shi ka gani, in yana ɗingishi aikin banza za ka yi.

Sai yadda ake auna abin da ta yi. Harbi 3 ba shaida ba ne, sa'a kaɗai tana iya haɗa su. Ka yi rukuni 5, kowane rukuni harsashi 5, kowanne da alamarsa a nasa kwalin, kuma kada ka taɓa saiti a tsakani. A kowane rukuni ka nemo ramuka 2 da suka fi nisa da juna, ka auna daga gefen waje zuwa gefen waje, ka cire kaurin harsashi. In ka samu milimita 24 kuma harsashin na 4.5 ne, rukuninka 19.5 ke nan. Ka haɗa biyar ɗin ka raba gida 5. Wanda ya fanɗare shi kaɗai ma a lissafa shi, don shi ma daga bindigar ya fito. A wannan mataki ba ruwanka da ko sun sami tsakiya. In sun taru wuri ɗaya, kawo su tsakiya aikin juya maɓalli ne.

A jikin madubin saiti za ka ga an rubuta MOA. Kashi 1 ne cikin 60 na digiri, wanda a mita 100 ya kama kusan milimita 29, kwatankwacin murfin kwalbar lemo, a mita 50 rabin haka, a mita 25 kuma milimita 7 da ɗoriya. Madubin da aka rubuta wa 1/4, kowane ƙas ɗaya bai kai milimita 2 ba a mita 25, saboda haka in rukuni ya kauce da santimita 2, ƙas 11 za ka juya. Bindigar farauta ta harsashin albarushi da ke riƙe MOA 1 zuwa 1.5 a mita 100 ana ƙirga ta cikin masu kyau. Mai sifirin ba ajinsu ɗaya ba. A nawa ma'aunin, mai kyau a hannun wanda ya iya, milimita 15 zuwa 20 a mita 25 ta cika alkawari. Mai araha irin wannan ta Argungu, in murfin kwalba ya rufe ramuka 5 ɗin, ka maida wa mai ita da kwanciyar rai. Masu gasar Olamfik da ke neman ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, a mita 10 suke harbi, cikin ɗaki inda ba iska, da bindigar da ke aiki da tulun matsattsiyar iska wadda kusan ba ta motsi. Kada kowa ya zo maka da wannan misali.

In ka gyara zama ba ta daidaita ba, kwalin zai gaya maka inda za ka duba. Ramuka a jere daga sama zuwa ƙasa, gudun harsashi ne ba ɗaya ba, ko kuma makullin bututu ya saki. Ka ɗora ɗan guntun takarda mai laushi a mahaɗar bututu ka harba; in ta tashi, robar wurin tana zubar da iska. Jere daga hagu zuwa dama, yawanci iska ce ko fizgar kunama. Rukunin da ke tafiya a hankali, kowane harbi ya gusa gaba da na baya, sukurori ne, 2 na gefen ƙota da na wajen kunama, ko madubi yana zamewa cikin zobensa. Ka ja layi da fensir a gefen zoben ka duba bayan harbi 20. Haka kuma ka aje bindiga a kan buhu ba tare da ka taɓa ta ba, ka leƙa madubi kana motsa kai. In gicciyen da ke cikin madubin yana yawo a kan alama, madubin ba a daidaita shi da wannan nisa ba.

Tunda sabon gyara ce, ka saurari ƙararta. In tana ƙara mai kaifi, hayaƙi yana fita, kana jin ƙaurin mai, man da ya shiga gaban fistin ne ke kamawa saboda zafin matsi, kuma gudu ba zai daidaita ba sai ya ƙone. Baƙin mai ko man keke ba su shiga wannan wuri. Kada kuma ka harba ta wofi ba harsashi, fistin zai daki ƙarfe ya lalata robar da ka sa.

Harsashi kuwa, ka zazzage gwangwanin a kan farin ƙyalle ka duba su ɗaya-ɗaya. Dalma ce mai laushi, duk wanda gindinsa ya lanƙwashe ka ware shi. Ka gwada iri 3 aƙalla, masu zagayayyen kai, don bututu 2 na kamfani ɗaya ma ba lallai su so harsashi ɗaya ba. Bayan ka goge bututu ko ka sauya iri, ka harba kamar 20 kafin ka fara ƙirga. Sai duk wannan ya gaza sannan ka duba bakin bututu da madubin ƙara girma, ko akwai tsaga ko lotsawa a gefe ɗaya.

Da sanyin safiya za ka sake gwajin, kafin iskar hunturu ta taso, ka rataya zare a sanda a tsakiyar hanya ka riƙa harbi lokacin da ya kwanta. Abin da ke bayan kwalin ya zama tarin yashi, ba bulo ko dutse ba, don dalma tana dawowa, kuma ka tabbata ba hanyar yara ko dabbobi a bayansa. Ka duba takardar mai ita ma, don dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi. Ka rubuta nisa da irin harsashi a jikin kowane kwali, ka kawo mini su biyar ɗin mu auna tare.