Amsa: Ƙugin kunne bayan cire abin sauraro

Ɗan'uwa, wannan "ziii" da ka ce kana ji bayan ka cire abin sauraro gargaɗi ne, don Allah kada ka raina shi. Can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar ƙarfin sautin da baligi zai iya saurara ba tare da cutuwa ba desibel 80 ne (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ni dai in na kusa da ni sai ya ɗaga murya kafin in ji shi, nan take nake rage sautin. In ƙugin ya ƙi tafiya, je likitan kunne ya gwada jinka.