Rediyon motata ya kulle bayan canjin batir, fenti kuma yana dushewa: na yi asara ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Honda Accord ƙirar 2008, ta hannu, ban daɗe da ita ba. Batir ya mutu aka sa sabo, tun daga ranar rediyon ya yi gum, kalmar CODE kawai yake nunawa. Na daddanna lambobi iri-iri bai buɗe ba. Wani ya ce alama ce wayoyin lantarkin motar sun taɓu, gara in rabu da ita tun da wuri. Ga shi kuma fentin rufi da na bonet ya fara dushewa, an ce in riƙa shafa kaki duk mako zai dawo. Motar nan abin dogaro ce, ko dai na yi asara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ɗauke yatsanka daga maɓallan nan, domin kowane ƙoƙarin da ka yi ana lissafa shi. Rediyonka lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ya ce maka wayoyi sun taɓu bai san yadda abin yake aiki ba. A shekarun 1980 da 1990 satar rediyon mota ta yi yawa, ɓarawo ya fasa gilashi ya zare rediyo cikin ƙiftawar ido ya kai kasuwa. Sai kamfanoni suka yi dabarar cewa duk rediyon da wuta ta ɗauke masa gaba ɗaya ya kulle kansa, ba zai sake magana ba sai an ba shi lambar sirrinsa. Matsalar ita ce rediyo bai san bambancin ɓarawo da bakanike ba. An cire kan batir, wuta ta yanke, shi ke nan ya ɗauka an sace shi. Ko fis ɗinsa kawai aka zare, haka zai yi.

Lambar irin motarka guda biyar ce, kuma da maɓallan tashoshi na 1 zuwa 6 ake shigar da ita, saboda haka babu 7, 8, 9 ko sifili a ciki. Idan ka yi kuskure a tsakiya, kada ka nemi hanyar gogewa. Cika biyar ɗin, sannan ka sake daga farko. Dama goma kake da ita. In ka cinye su, sai ka bar rediyon a kunne tsawon awa guda kafin ya sake karɓar lamba. Ba ka faɗi sau nawa ka gwada ba, amma idan ya daina amsawa, hukuncin da kake ciki ke nan, ba ƙonewa ya yi ba.

To ina lambar take? Sabuwar mota tana zuwa da ɗan ƙaramin kati mai ɗauke da ita, yawanci a cikin jakar littafin mota. Duba nan tukuna, ka buɗe littafin shafi-shafi, domin masu motoci da yawa sukan rubuta ta da biro a bangon ciki. Daga nan buɗe aljihun dashbod da ke gaban kujerar mai zaman banza, ka leƙa gefunansa ciki da waje. Dillalai sukan manna wata farar takarda a wurin. In kana da hanyar samun wanda ya sayar maka, kira ɗaya na iya kashe maganar.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a bi ta lambar jikin rediyon. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka tayar da inji ba, ka tabbata rediyon a kashe yake, ka danne maɓallan 1 da 6 tare, kana riƙe da su ka kunna. Zai nuna maka lambar jikinsa a allo. Kwafe ta daidai. Sannan ka kwafi lambar VIN, wato lambar shaidar motar, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Haruffa da lambobi ne guda 17, kuma babu I ko O ko Q a cikinsu, don haka duk abin da ya yi maka kama da O sifili ne. Da waɗannan biyun da takardun da ke nuna motar taka ce, wakilin kamfanin zai iya zaro maka lambar sirrin daga rumbunsu.

Ba a nan gizo ke saƙa ba, sai idan an taɓa canza rediyon. Lambar sirri ta rediyo ce, ba ta mota ba. Mota mai shekaru irin taka tana iya kasancewa da rediyon da aka ciro daga wata motar, to a nan katin da ke cikin littafi da takardar da ke aljihun dashbod duk na tsohon ne, ko sau nawa ka shigar ba za su buɗe ba. Shi ya sa nake fifita a nemo lambar sirrin ta hanyar lambar jikin da rediyon ya nuna da kansa a kan duk wadda aka gani a rubuce. Akwai masu sayar da lambobi a intanet, wasu na gaskiya wasu ba haka ba, akwai kuma masu kwance rediyo su taɓa ƙwaƙwalwarsa. Wannan na ƙarshe yana aiki a hannun wanda ya iya, amma ni ba na kai mutum can sai an rasa kowace hanya, domin kuskure kaɗan ke mayar da rediyon da ya kulle ya zama rediyon da ya mutu.

Ga masu karatu da ke da wasu motocin: Volkswagen da Audi sukan nuna SAFE, lambarsu huɗu ce, kuma haƙurinsu bai kai na Honda ba. Ford ma huɗu ce. Motocin General Motors da yawa suna ɗaure rediyo da VIN na mota, saboda haka canjin batir bai dame shi ba, amma in aka kai shi wata motar sai ya nuna LOCKED, kuma sai da na'urar kamfani ake warware shi. Yawancin Toyota ba su da wannan rigimar kwata-kwata.

Da zarar ka samu lambar, adana ta a wayarka da kuma gida. Nan gaba in za a canza batir, ka ce a sa abin riƙe wuta, wani ɗan batir ne da ake soka wa a ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ya riƙe rediyo da agogo har a gama. Kuma kada ka tsorata idan gilashin ƙofar direba ya daina hawa da kansa da dannawa ɗaya. Shi ma mantuwa ya yi, littafin motar ya nuna yadda ake sake koya masa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne abin da ka wuce a gurguje, wato mutuwar batir ɗin. Me ya kashe shi? Batirin mota yakan yi shekara 3 zuwa 5, kuma zafi na rage masa kwana. In tsufa ne, ba komai. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, wadda ke fitar da ƙididdigar motocin da suka tsaya a hanya kowace shekara, ta daɗe tana nuna batir ne kan gaba, sama da kashi 40 cikin 100 a 'yan shekarun nan. Amma in wani abu ne ya kashe shi, sabon ma zai bi sahu. Gwajin ba shi da wuya. A sa mita a kan batir bayan mota ta kwana: mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6. A tayar da inji a sake aunawa: ya kamata ya hau zuwa wajen 13.7 zuwa 14.7. In bai hau ba, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ba ta caji yadda ya kamata. In ya hau amma mota na wayar gari da raunin batir, akwai abin da ke shan wuta a ɓoye, kuma sau da yawa abin da aka ƙara wa motar ne daga baya, kamar ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu ko amfilifaya da aka haɗa barkatai. Wannan gwajin ne zai gaya maka halin da lantarkin motarka ke ciki. Rediyon bai ce komai a kai ba.

Sai fenti. A nan an ba ka shawarar da za ta ci maka kuɗi da lokaci. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: akwai shimfiɗar ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai launi, sannan a sama akwai wani shafe garai-garai marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Shi ke ba da sheƙi, shi ke tare hasken rana, kuma kaurinsa bai wuce rabin na takardar rubutu ba. Kaki ba ya gyara wannan shafen. Zama yake yi a kansa ya karɓi dukan rana, ruwa da ƙura a madadinsa, har ya ƙare a sake shafawa. Folish kuwa wani abu ne daban, ko da yake mutane na haɗa su suna ɗaya. Yana da ɗan kaushi, yana kankare saman kiliya kaɗan don ya fito da mai kyau na ƙasa. Kaki ƙari yake yi, folish ragi, kuma duk abin da folish ya ci ba ya dawowa.

Saboda haka je ka dubi rufin da kyau. Idan dushewa ce kawai, ka shafa hannu ka ji sumul, launin dai ya yi hazo, to folish sau ɗaya a hannun gwani, sannan kaki a kai, zai dawo da mafi yawan sheƙin. Idan kuwa ka ga fararen tabo masu bakin da ke ɓarewa, kiliyar ta mutu. Babu kakin da zai tashe ta, folish ma ƙara faɗaɗa wurin zai yi. Maganinta sabon fenti a wannan ɓangaren. Ba mamaki rufi da bonet ne suka fara, su ne ke kallon rana kai-tsaye, bonet kuma ga zafin inji ta ƙasa.

Duk mako kuwa ɓarna ce. Kakin kanauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino a arewa maso gabashin Brazil, yakan yi wata biyu zuwa uku. Na haɗin sinadari yakan kai wata huɗu zuwa shida. Ruwa ne zai gaya maka lokaci: in ka watsa ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, kakin na nan, in ya baje ya kwanta, ya ƙare. A wanke mota tas kafin a shafa, domin kaki a kan ƙura karce fenti yake yi. A yi a inuwa, ƙarfe ya huce, a shafa siriri, a bari ya yi hazo, a goge da ƙyalle mai laushi. A kiyaye baƙar robar jikin mota, yana bar mata farin tabo mai wuyar fita. Sabulun wanke kwanuka da garin sabulun wanki suna wanke kakin tare da datti, a nemi sabulun mota. Kashin tsuntsu kada ya kwana, yana cin kiliya, musamman a rana. In kuma ka yi sabon fenti, tambayi mai fentin yaushe za ka fara shafa kaki, yawanci akan jira wata ɗaya zuwa uku.

Tambayarka ta ƙarshe, ko motar abin dogaro ce. Accord tana da suna mai kyau, kuma ba a banza ta same shi ba. Sai dai a mota mai waɗannan shekaru, hannayen da ta bi sun fi sunan kamfani nauyi. Ka fara da sanin injin da ke ciki, domin ƙirar 2008 ta kasuwar Amurka iri biyu ce. Mai silinda huɗu, lita 2.4, sarƙa ke juya tayimin ɗinta, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, kuma sarƙar na daɗewa muddin ana canza baƙin mai a kan kari. Mai silinda shida, lita 3.5, bel take amfani da shi, kuma akan canza shi a wajen kilomita 160,000 ko shekara 7. In ya tsinke inji na gudu, fistin na dukan bawul, gyaran kuma ba ƙarami ba ne. In taka mai shida ce kuma babu shaidar an canza, ɗauka ba a canza ba, kuma a haɗa da famfon ruwa tunda aiki ɗaya ne. Wasu masu shidan an san su da shan mai, don haka ka riƙa zaro sandar awon mai kana dubawa tsakanin sabis da sabis.

Sauran abubuwan ba su da wani sirri. Ruwan lagireto ya zama na ainihi, ba ruwan famfo zalla ba, kuma duk ranar da allurar zafi ta hau, ka tsaya nan take. Man birki na tsotsar laima, yana son canji duk bayan shekara 2 zuwa 3. Man giya, a sa wanda kamfanin ya ce. Tayoyi, duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT a gefensu, su ne lokacin da aka ƙera su: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya mai zane da kyau tana iya zama tsohuwa, kuma in ta haura shekara 6 tana son ido.

Akwai kuma abu ɗaya da za ka yi da VIN ɗin nan tunda ka riga ka kwafe shi. Accord ta waɗannan shekarun tana cikin motocin da kamfanin ya nemi a dawo da su a gyara saboda jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke iya fashewa ta watso ɓaraguzan ƙarfe a fuskar wanda ya kamata ta kare. Ranar da ka je karɓar lambar rediyo, ka ce wakilin ya duba maka ko an riga an canza ta motarka.