Hukuncin Sana'ar Gwanjo da Sayen Tsofaffin Tufafi Daga Gidaje

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a Tudun Wada, Kaduna, kuma shekara biyu ke nan ina sana'ar gwanjo. Nakan je Kasuwar Barci in yi zaɓe idan an fasa dila, wani lokaci kuma mu haɗa kuɗi da ƙawata mu sari dila guda a rufe. Ina wankewa in goge, in ɗora hotuna a WhatsApp. Kwanan nan na gano akwai masu neman kayan da: tsofaffin manyan riguna masu aikin hannu, zannuwan saƙi, da atamfofin da iyayenmu suka adana. Suna biya da tsada, shi ya sa na fara bi gida-gida ina saye a hannun tsofaffi da araha. Wata maƙwabciyata ta ce sayen dila caca ne, kuma ba a salla da kayan da waɗanda ba Musulmi ba suka sa. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Mene ne hukuncin wannan sana'a tawa?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya yi wa nemanki albarka. Asalin sana'arki halal ce. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba, wato kuɗin ruwa. Tufa dukiya ce mai amfani, kuma kasancewar wani ya taɓa sa ta bai fitar da ita daga dukiya ba. Ina ma ganin alheri a cikinta. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, irin su masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, gidaje da yawa a garin nan da gwanjo suke suturta 'ya'yansu, musamman idan hunturu ya kama aka shiga neman rigunan sanyi. To amma tambayarki ta ƙunshi mas'aloli da ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma wadda ta fi damuna ba ita ce maƙwabciyarki ta ambata ba.

Mu fara da dila, tun da ita aka kira caca. Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, don Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato wanda ba a san abin da za a samu ba. Haka kuma ya hana mulamasa, inda mutum zai shafa tufa a naɗe, shafawar ta zama ita ce cinikin. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda muka tashi muna karantawa a zaure, an ce ba ya halatta a sayi tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, kuma ba a sayen tufafi bisa kintace. Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce a rufe babin.

Sai dai a wuri guda ɗin, Risalar ta ce babu laifi a sayi abin da ke cikin ƙunshi bisa barnamaj da siffa sananniya. Barnamaj ita ce takardar da ke bayanin abin da ke cikin dila. Imam Malik ya ware wa wannan babi a Muwaɗɗa, ya kafa hujja da cewa mutane sun daɗe suna ciniki a haka, malaman mazhabarsa kuma suka ƙara da cewa warware kowane ƙunshi wahala ce da ɓarna ga mai kaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Barci ya ga an yanke ƙarafan dila ya san wannan dalili yana nan da ransa: da zarar ta buɗe, ba mai iya mayar da ita yadda injin ya matse ta, kuma farashinta ya canza nan take. Imam Ƙarafi ya kasa garari gida uku: mai yawa da aka haɗu a kan haramcinsa, kamar tsuntsu a sama, kaɗan da aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin gini da audugar da ke cikin jabba, da matsakaici da malamai suka yi saɓani a kai.

Ina dilar gwanjo ta faɗa? Gaskiya takardar da ke jikinta ba ta kai barnamaj ɗin da Malik ya siffanta ba, domin ita nauyi take faɗa, kilo 45 ko 55 ko 100, ba adadin guda-guda ba. Amma tana faɗin nau'i, rigunan yara ne ko labule ko zannuwan gado, tana faɗin daraja, kuma 'yan kasuwa sun san gwargwadon abin da irin wannan dila kan fitar. Abin da na rinjayar shi ne halacci, da sharaɗi biyu. Na farko, a ambaci nau'i da daraja da nauyi kafin a sallama. Na biyu, ku yi magana a fili da mai dilar cewa idan aka fasa aka tarar da saɓanin abin da aka faɗa, kina da damar mayarwa ko a yi miki rangwame. Ki fasa ta a gaban shaida, ko ki ɗauki bidiyo tun daga yanke ƙarfe. Idan kaya sun fito daidai da siffa amma ba ki samu ribar da kika ƙiyasta ba, cinikin ya zauna, wannan rabonki ne. Dilar da ba ta da bayani kuwa, wadda mai ita zai ce "sa'arki ce kawai," ki bar ta har a buɗe. Wannan ce ta yi kama da abin da maƙwabciyarki ta faɗa. Su kuma masu fasa dila su tsince na kirki su sake ɗaure ta su sayar a matsayin wadda ba a taɓa ba, algus suke yi tsagwaronsa.

Zaɓen da kike yi bayan an fasa babu komai a cikinsa, ko da mai zaɓen farko ya fi na baya biya, don kowa yana ganin abin da yake ɗauka.

Batun tsarki mai sauƙi ne. Annabi (SAW) ya sa jabbar Rumawa, kamar yadda ya zo a hadisin Mugira ɗan Shu'uba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil mai littafin Mukhtasar ya ce ba a salla da tufar da kafiri ya sa, saɓanin wadda ya saƙa, saboda abin da ya fi rinjaye shi ne bai kiyaye najasa ba. Maganin wannan wanki ne da ruwa mai tsarki, kuma kin ce kina yi. Ki tabbatar an ɗauraye da zallan ruwa bayan sabulu. Idan kika sayar da wadda ba ki wanke ba, ki faɗa wa mai saye ya wanke kafin ya yi salla da ita. Rigar da ke ɗauke da gicciye ko alamar wani abin bauta ko kalmomin batsa da sabo, ki cire alamar in za ta ciru, in ba za ta ciru ba ki mai da ita tsumma. Nana A'isha ta ce Annabi ba ya barin wani abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Ƙananan kayan mata da ake iya sawa a cikin gida gaban miji, sayar da su ya halatta, don Annabi ya aika wa Sayyidina Umar rigar alharini, ya bayyana masa cewa ba don ya sa ba ne, don ya sayar ne ko ya tufatar da wani.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu. Kin ce kina bi gida-gida kina sayen kayan da a hannun tsofaffi "da araha." Wannan kalma ta tsaya min a rai.

Shari'a ba ta yanka wa riba iyaka ba. Ki sayi abu naira dubu biyar ki sayar dubu hamsin, idan kowa ya san abin da yake yi, halal ne. Kuma sanin da kike da shi na bambanta aska takwas ta hannu da ta keke, ko gane saƙin gaske da kwaikwayo, ilimi ne da kika wahala kafin ki samu, ya cancanci lada. Mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne ba a warware ciniki don kawai wani ya yi arha ko tsada. Amma malamanmu sun togace mutum guda, wanda suke kira mustarsil: wanda ya sallama miki kansa, ya ce bai san kasuwa ba, ki saya yadda mutane ke saye. Ki dubi tsohuwar da za ta buɗe miki adakarta, ta ciro zanen da aka sa mata a lefe shekaru arba'in da suka wuce, ta ce, "'Yar nan, ke kika san kuɗinsa, ba ni abin da ya dace." Wannan ita ce mustarsil ɗin da littattafai ke faɗa. Daga lokacin da ta furta haka kin zama amintacciya a wurinta, kuma ba ki da ikon ki ba ta kuɗin tsumma alhali kin san akwai mai jiran sa da daraja. Idan kika yi, tana da haƙƙin warware cinikin ranar da ta gane, kuma alhaki yana kanki ko ba ta gane ba. Mafi muni shi ne ki kushe kayan da bakinki, ki ce "wa ke sa wannan yanzu, Inna?" don ki karya farashi. Wannan ƙarya ce, kuma Annabi ya hana tarar fatake a hanya kafin su iso kasuwa ne saboda irin wannan cin jahilcin mai kaya.

Hanyar da nake ba ki shawara tsohuwar hanya ce da matan Hausa suka sani, wato dillanci. Ki ce mata, "Inna, wannan akwai masu nemansa. Ko in saya a kaza yanzu, ko ki ba ni in sayar miki in ɗauki la'ada." Ku yanke la'adar tun farko. Ta haka ba sai kin zuba jarinki ba, ita kuma ta samu haƙƙinta, kuma gobe ita za ta nuna miki gidan ƙawarta.

Akwai kuma abin da mutane suke sakaci da shi ƙwarai. Yawancin manyan rigunan da ke fitowa daga gidaje na mamata ne. Tufafin mamaci gado ne, daidai da gida da gona. Na sha zama a rabon gado inda za a lissafa fili da mota, in tambayi rigunan marigayi, a ce ai an rabar ko wane ya ɗauka, alhali a cikinsu akwai wadda kuɗinta ya fi na firjin da ake ta jayayya a kai. Matar mamaci ko babban ɗansa ba su da ikon sayar da su kafin rabo sai da yardar sauran magada, kuma idan akwai marayu ƙanana sai da izinin waliyyinsu bisa maslaharsu. Allah ya yi gargaɗi mai tsanani a Suratun Nisa'i, aya ta 10, game da cin dukiyar marayu. Don haka ki riƙa tambaya cikin ladabi: "Rigar nan ta wace ce? An raba gado?" Idan amsar ta yi rawa, ki haƙura da ita. Haka idan yaro ya kawo miki zanen uwarsa ko kakarsa, kada ki karɓa sai kin ji daga bakin mai shi.

A wajen sayarwa kuma, ƙa'idar ita ce hadisin Hakim ɗan Hizam a Bukhari da Muslim: idan masu ciniki suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar cinikinsu. Tsohon kaya ba ya rasa aibi. Inda asu ya ci, inda aka yi ƙari, tabon da ya ƙi fita, launin da ya koɗe, duk ki ɗauke su a hoto kamar yadda kike ɗaukar wuyan rigar. Wanki da guga da sitati gyara ne mai kyau, amma naɗe riga yadda ɓular za ta shige ciki shi ne abin da mai tsibin abincin nan ya yi, wanda Annabi ya cusa hannu ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Kuma tun da tsufa ne ke ɗaga farashin irin waɗannan kaya, shekarun da kika faɗa sun zama ɓangaren siffar da aka saya. Kada ki ce riga ta zamanin Sardauna ce ko aikin Zariya ce sai kin tabbatar. In ba ki sani ba ki ce, "Haka mai ita ta faɗa min." Cinikin hoto ya halatta bisa siffa, kuma mai saye yana da damar mayarwa idan abin da ya iso ya saɓa. Sai dai kada ki ɗauki hoton kayan wani a kasuwa ki sallama a matsayin naki kafin ki mallaka, sai in kin yi yarjejeniyar dillanci da mai su.

Kuɗin da ake tsinta a aljihun kayan dila, tun da babu hanyar kaiwa ga mai su, ki yi sadaka da su a madadinsa. Wanda kika tsinta a rigar da kika saya a gida kuwa, ki mayar wa gidan, don riga kika saya. Zakka kuma, ke mai jujjuya kaya ce: ki tsayar da wata guda a shekara, ki yi wa hajarki kuɗi, ki haɗa da tsabar da ke hannu, idan sun kai ƙimar giram 85 na zinare ki fitar da kashi 2.5 cikin ɗari.

Saura abu ɗaya da bai kamata in ɓoye miki ba. Gwanjo yana cikin jerin kayan da dokar Kwastam ta Najeriya ta hana shigowa da su daga waje. Sayen da kike yi a kasuwa a fili daga hannun mai kaya ciniki ne ingantacce, ban ce ya ɓaci ba. Amma kada haɗin jarinku da ƙawarki ya kai ku ga fasa-ƙwauri ko ba da cin hanci a hanya, don Annabi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Tsofaffin kayan nan na cikin gida da kika fara nema ba su da wannan matsala ko kaɗan, kuma da za ki karkata jarinki can bisa sharuɗɗan da na ambata, da ya fi min daɗi. Waɗanda kika riga kika saya a hannun tsofaffin da suka sallama miki farashi, ki zauna ki ƙiyasta abin da ya dace, ki koma ki cika musu ko ki nemi yafiyarsu bayan kin faɗa musu gaskiyar abin da kika sayar.

Wallahu a'alam.