Marainiyar ƙanena ta fara fashin makaranta, ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ƙanena ya rasu bara, ya bar 'ya'ya huɗu. Babbar shekararta 13, tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan cikin garin Bauchi. Tun zangon da ya wuce, in ta je yau gobe ba za ta je ba. Uwarta tana ɗora mata tallar awara. Na yi faɗa, na yi nasiha, duk a banza, ni kuma ba wani ƙarfi ne da ni ba. Yaya zan yi? Daga goggonta.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan ƙanenki, Ya raya abin da ya bari.

Ki ajiye faɗan tukuna. Ruwa ba ya tsami banza, yarinyar da ta gama firamare lafiya ba ta wayar gari ta tsani makaranta haka kawai. Ki je da kanki wurin malamar ajinsu, ki roƙa ta buɗe miki rajistar kiran suna, ku duba ranakun da ba ta zo ba. A aikinmu wannan littafi ya fi yarinyar kanta saurin faɗin gaskiya. In fashin yana faɗowa a ranakun da ciniki ya fi tafiya, talla ce. In kwana uku ko huɗu ne a jere kowane wata, al'ada ce ta fara, ba ta da audugar mata, makarantar kuma wataƙila babu banɗaki mai ƙofa da ruwa. Uwa tana can tana fama da neman na cefane, uba ya rasu, wa za ta gaya wa? In kuwa ya fara ne daga makon da aka ce a kawo kuɗin PTA (ƙungiyar iyaye da malamai) ko na jarabawa, kora aka yi mata, kunya ta hana ta faɗa. Akwai kuma wadda sai ta gama ɗiban ruwa da wanke-wanke take fita, ta tarar da bulalar makara a bakin get, sai ta gwammace ta juya.

Batun talla, kada ki shiga gidan a matsayin mai tuhuma. Matar da ta fita takaba da yara huɗu, ribar awarar nan ce cefanenta, wani lokaci da ita take zubin adashen kayan ɗakin yarinyar. Ku zauna ku ƙirga nawa ainihin tallar safe take kawowa. Sau da yawa kuɗin bai kai yadda ake zato ba, 'yan'uwan mamacin biyu ko uku za su iya haɗa shi duk mako. In bai yiwu ba, a mayar da suyar zuwa yamma a ƙofar gida, bayan an tashi daga makaranta. Ban so tallar ba ko kaɗan, amma wadda ake yi gaban idon uwa ta fi yawon tasha.

Ta fuskar kuɗin makaranta, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Don haka kina da bakin magana in an kore ta kan wani kuɗi. Ki fara da shugaban makarantar, sannan kwamitin kula da makaranta (SBMC), wanda iyaye da masu unguwa ke ciki. In abin ya faskara, sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wanda ke ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB. Jihar Bauchi kuma tana da hukumar kula da marayu da yara marasa galihu, BASOVCA. Ki kai sunanta da na ƙannenta, amma kada ki jingina komai da jiran amsarsu.

Saura abu guda da iyaye ba su cika kawowa a rai ba. Ki keɓe da ita, ba a gaban ƙannenta ba, ki ba ta littafin Hausa na aji uku na firamare ta karanta miki shafi ɗaya. Yara da yawa suna shiga sakandare ba su iya haɗa baƙi ba, ga darasi ya koma Turanci zalla. Wadda ake tayarwa ta yi karatu 'yan aji suna dariya, ko an saya mata sabon yunifom ba za ta zauna ba. In kin ga tana in'ina, ki nemo wata ɗalibar babbar sakandare a unguwa ta riƙa zama da ita rabin awa bayan la'asar, a fara da Hausa kafin Turanci.

Ki kuma karɓi lambar malamar ajin, ku yi da ita cewa duk ranar da yarinyar ba ta zo ba ta yi miki filashin kafin ƙarfe tara, ke kuma ki leƙa gidan a ranar, ba sai ƙarshen mako ba.