Abin da ya sa ban ba direban nan Piriton ba

Ɗana, kana tambaya me ya sa mutum biyu suka kawo kukan hasasiya, wato aleji, na ba matar nan Piriton, shi kuwa direban da ke jigila tsakanin Jidda da Makka na ba shi loratadin. Ajiye kwalin nan ka saurara.

Idan ƙura ta shiga hancin mai hasasiya, jikinsa yakan ɗauke ta abokiyar gaba. Sai wasu ƙwayoyin halitta da ke fata da hanci su saki sinadarin histamin. Shi ne ke buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo, wurin ya kumbura ya yi ja, ga ƙaiƙayi, ga atishawa, ga majina. Amma ba ya aiki sai ya sami mazauninsa, wanda ake kira H1. Maganin namu riga shi yake yi ya zauna a kujerar, in histamin ya zo ya tarar babu wuri. Shi ya sa wanda ya sha kafin ƙura ta taso ya fi jin daɗinsa.

To, a ƙwaƙwalwa histamin na cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Piriton tsohon magani ne, yana ratsawa har can ya toshe shi, sai barci. Matar nan borin jini ne ya hana ta runtsawa, barcin ma alheri ne gare ta. Direba fa? Ka ba shi miligiram 4 ya hau titi da fasinja, ya yi gyangyaɗi, alhakin na wuyanka. Loratadin da ƙyar yake shiga ƙwaƙwalwa, miligiram 10 sau ɗaya a yini ya wadatar. Setirizin ma sabo ne, amma kada ka rantse a kansa, yana sa wasu kasala.

Dattijo kuma ka tambaye shi fitsari. In da ma da ƙyar yake yi, Piriton na iya riƙe masa shi, ya busar masa da baki.

Wanda kuwa ya shigo leɓe da harshe a kumbure, numfashi na sarƙewa, kada ka tsaya neman ƙwaya a kanta. Wannan aikin allurar adiranalin ne. Ka zaunar da shi, ka kira motar asibiti a 997, lambarta ta nan Saudiyya, sannan ka ƙwala mini kira.