Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan littafin tambayoyin baya

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce kin saya wa 'yarki mai aji uku na babbar sakandare littafin tambayoyin shekarun baya, malaminta ya duba ya ga amsoshin lissafi da yawa ba daidai ba ne, yanzu kina tambayar wanne za ki sake saya. Wallahi raina ya ɓaci da na karanta, don ciwon nan namu ne duka, mu masu koyarwa da ku masu biya.

Abin da ba a gaya wa iyaye shi ne, amsoshin da ke bayan yawancin littattafan nan ba daga WAEC ko NECO ko JAMB suka fito ba. Tambayoyin ne na hukuma, amsa kuwa wanda ya haɗa littafin ne ya nemi mai warware masa. Kamfanin kirki yana da edita mai bin aikin layi-layi. Ɗan "a buga a sayar" kuwa ba ruwansa.

Kuma kurakuran ba a banza suke zuwa ba. Mai buga rubutu zai kwafe tambaya, x² ta koma x2, alamar ragi ta ɓace, shi ke nan tambayar ta zama wata daban. Wani wurin a ce a dubi zanen da ke sama, a duba babu zane. Mafi muni, ya tsallake tambaya guda a tsakiya, sai jerin amsoshi ya goce da layi ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya lalace har ƙarshen shekarar. A zamanin da JAMB take yin jarrabawar takarda, tambayoyi nau'i-nau'i suke fitowa da lambobi a cakuɗe, sai a kwaso tambayoyin nau'i ɗaya a manna musu amsoshin wani. Daga 2015 kuma da aka koma kwamfuta gaba ɗaya, babu takardar da ɗalibi yake fitowa da ita, don haka yawancin abin da ake sayarwa da sunan tambayoyin JAMB na shekarun nan daga abin da yara suka tuna aka harhaɗa.

Ki duba irin cutar. Yarinya ta zauna da daddare da fitila ta warware tambaya daidai, ta samu C, ta juya baya ta ga B. Ba za ta zargi littafi ba, kanta za ta zarga. Ta goge aikinta mai kyau, ta ce ita dama ba ta da ƙwaƙwalwar lissafi. Wanda ya jawo wannan yana can yana ƙirga riba, bai ma sa adireshinsa a littafin ba balle a je a same shi. Har littafin kamfanonin gaskiya suke ɗaukar hotonsa su buga a takarda mai shara-shara, marubucin da ya sha wahala ko sisi ba ya gani. An sabunta dokar haƙƙin mallaka a 2022, akwai hukumar da ke kamawa, amma kasuwa har gobe cike take da su. Allah ya isa wa yaranmu.

Kafin ki sake ba da kuɗi, ki buɗe shafin farko. Ki ga sunan kamfani, cikakken adireshi, shekarar bugu da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, wadda ta Najeriya kan fara da 978-978. Ki ɗaga shafi ɗaya a haske, in rubutun baya yana keto wa, zane ya yi dishi-dishi, gam yana ɓallewa da an buɗe, na jabu ne. Ki yi sharaɗi da mai shago cewa za ki dawo da shi, malami ya zaɓi tambaya goma ya warware. In fiye da biyu suka saɓa, a mayar. Kada ki karɓi mai harafin amsa kawai babu yadda aka yi aikin. A lissafin WAEC takarda ta biyu tambaya 13 ce a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma ana ba da maki a kan matakin aiki, ba amsar ƙarshe kaɗai ba.

In tana yin adabi ki yi hattara da tsohon kaya. WAEC tana sauya littattafan adabi duk shekara biyar, sabon zagaye ya kama daga 2026. Labarin da JAMB take sawa a Turanci shi ma yana canjawa. Kuma kar a haɗe mata na NECO da na WAEC a ɗauka ɗaya ne, NECO zaɓi biyar take bayarwa, A zuwa E, WAEC huɗu.

Abin da ke ƙara ƙona min rai, makarantun da suke tilasta wa iyaye sayen ɗan littafin da wani malami ya haɗa, in ba a saya ba a hana yaro makin gwaji. Ga kuma masu sayar da satar amsa a WhatsApp. Ki raba ta da su, ana riƙe sakamakon yara a kan wannan.

Littafin tambayoyi ba ya maye gurbin littafin karatu. Ta fara da wanda aka tsara darasi-darasi, ta karanta babi ta amsa tambayoyinsa, sai saura wata biyu ta koma na shekara-shekara da agogo a gabanta: JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Ki sa a sauke mata manhajar jarrabawar, wato jerin darussan da za a tambaya, daga shafin JAMB, da rahoton manyan masu duba takardu da WAEC take sawa kyauta a intanet, a nan ake faɗin inda yara suka fi faɗuwa. Ta ware littafin rubutu mai shafi 60 don tambayoyin da ta kasa, duk Asabar ta kai wa malami.

Wanda kika riga kika saya kada ki yar, ki yage shafukan amsar ki bar mata tambayoyin da malami ya tantance. Ki faɗa mana ajin kimiyya take ko na adabi, malaman fannin suna nan cikinmu, za su gaya miki wanda suka gwada da hannunsu. Allah ya ba ta sa'a.